Kawuna Mai Santi

Daga Allah muke, kuma gare shi Kawu ya koma ranar wata Talata da hantsi, bayan an gama kai damman gero rumbu. Ya share rabin gindin itacen bedin da ke ƙofar gidansa, ya jingina tsintsiya, ya zauna, ya ce wa Iya, matarsa, ta kawo masa ruwa. Kafin ta fito da moɗa ya tafi.

Ina bakin hanyar Tasawa, inda nake saida esansi, wato man fetur, a kwalba, aka kira ni. Na hau moto, babur ɗina. Kafin in isa ƙauyenmu, can gefen Maijirgi, har an yi masa wanka.

Na yi kwana uku a kan tabarmar makoki ina sauraron mutane, ni kuwa mutum ne mai riƙe magana. Liman ya ce, "Tun da na san shi bai taɓa rasa wazifa ba sai ran da ciwo ya kada shi." Wannan gaskiya ne. Wani dattijo daga Korgom ya ce, "Allah shi jiƙan Mai Santi," sai ya tuna inda yake, ya rufe baki da gefen rawani, amma kafaɗunsa na rawa. Mata a cikin gida suna kuka, su tsaya su ba da labarin jakin da ya rataya wa lambarsa ta soja, su yi dariya, su koma kuka. Tsohon mai bishara na ƙaramar majami'ar da ke bayan kasuwa, aminin Kawu tun suna samari, ya zo a amalanke ya zauna can ƙarshen tabarma. "Sannunku da haƙuri" kawai ya ce. Aka yi ta ba shi wuri ya matso, ya ƙi.

Wanda bai yi dariya ba ko sau ɗaya shi ne ɗan Kawu na fari, taubashina. Ya yi karatun addini a Maraɗi, ya dawo ba ya zama wurin wazifa. Yana ƙaunar ubansa, wannan ba na musu, amma ya daɗe yana jin kunyarsa. Duk wanda ya ce Mai Santi sai ya ɗaga kai ya dube shi. Ranar uku ya ja ni bayan rumbu.

"Kayen nan yana wurinka?"

"Wane kaye?"

"Kar ka maida ni yaro. Littafin da ka rubuta waƙoƙin Baba a ciki. Ana cewa akwai kiran gumakan Indiya. Ran bakwai za ka kawo shi a karanta gaban liman. In akwai shirka a ƙone, mu nema mashi gahwara. In babu, bakin mutane ya mutu."

"In na ƙi hwa?"

"To kai ka tabbatar masu."

Na juya na koma kan tabarma. Na san abin da ke cikin kayen nan, na kuma san abin da ba ya ciki. Na biyun ne ya hana ni cin abinci, shi ne kuma ya sa nake wannan rubutu, ni da rabona da aji tun ina kolej.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Yana saurayi Faransawa suka kama shi soja, suka sa shi a jirgin ruwa zuwa wata ƙasa da yake kira Indoshin. Ba ya son maganar yaƙin. In ka matsa masa sai ya ɗage wando ya nuna maka ramin da ke ƙaurinsa na hagu, ya ce, "Ga shi nan duka, ka gani, an gama." Abin da yake son faɗi shi ne watannin da ya yi kwance a asibiti, da mutum biyu da ya samu a can.

Na farko Ba'indiye ne mai wanke miki, da toka a goshi layi uku. Kullum da safe yana wanke ƙafar Kawu yana rera waƙa da harshensu. Suna magana da guntun Faransancin soja da hannu. Kawu ya tambaye shi wa yake yi wa waƙa, mace ce? Ya ce a'a, Wanda ya yi shi ne, amma yana yi masa magana kamar yadda ake yi wa masoyi, har da ƙorafi, har da fushi. Kawu ya ce ya yi mamaki, don haka ya ji malamai na yi a ƙasidun bege a gida. In mutumin ya kai ƙarshen waƙa sai ya rufe ido ya faɗi kalma ɗaya sau uku: shanti.

Na biyu tsoho ne mai aski ƙwal da rawayar riga, a wani gidan ibada da ke bayan asibitin. Kullum yana share tsakar gida, ganye na zuba a bayansa, bai taɓa waiwayawa ya yi tsaki ba. Kawu ya fara fita da sanda yana zama kusa da shi. Babu harshen da ya haɗa su. Wata rana tsohon ya miƙa masa tsintsiya. Shi ke nan karatun da ya ba shi. Kawu ya ce yana sharar ne ya lura rabin yini ya wuce bai tuna wanda ya harbe shi ba.

Da wannan ya dawo gida. Namiji, tsohon soja, yana share ƙofar gida kullum da safe kamar amarya. Mutane sun yi magana har suka gaji. Ya karɓi ɗariƙa, ya riƙe wuridinsa, ya yi noma, ya haifi ƴaƴa. Yakan ce, "Ban taɓa yi wa gunki sujada ba, ban kuwa taɓa zagin wanda ya wanke mini ƙahwa ba."

Sunan kuwa ga yadda ya samo shi. Ranar da ya dawo, kakarmu ta yi masa tuwon gero da miyar kuka, abokansa suka zagaye akushi. Shekaru bai ga tuwo ba. Ya kai loma, ya rufe ido, ya ce, "Shanti, shanti, shanti." Ai sai wuri ya kaure. "Soja ya yi santi! Har yana kiran sunanshi! Ku riƙe shi kar shi hwaɗa miya!" Daga ranar ya zama Mai Santi, daga nan har kasuwar Kanan-Bakashe.

Mahaifiyata ta ce da farko yana gyara musu. Ya ce shanti ce, da sha ake faɗi, kuma abokinsa ya gaya masa ma'anarta kwanciyar rai, irin wadda ba ta jiran a daina harbi. Ba wanda ya saurara. Daga baya ya bari. Lokacin da na yi wayo har ya koma bayan masu tsokanarsa.

"Su ke da gaskiya," ya ce mini wata rana muna gyaran darni. "Mi ne santi? Ka ɗanɗani abu mai daɗi, bakinka ya kuɓuce maka, ka hwaɗi abin da ba a tambaye ka ba. To shehunanmu mi suke yi a ƙasidu? Ba'indiyen nan ma santi yake. Wanda bai ci ba shi ke zaune da hankalinshi yana dariya."

"Mai askin hwa, Kawu? Ka ce ko sunan Allah ba ka ji a bakinshi ba."

"Shi ya ci, ya ƙi magana don kar a kama shi."

Waƙoƙinsa gajeru ne, baiti huɗu, wani lokaci shida. Yana yin su a gona ko a kan amalanke. Ga ɗaya da kowa ya sani a ƙauyen:

Gero bai san sunan mai daka ba,
amma ya san nauyin taɓarya.
Ni ma ban san sunanka duka ba,
na dai san hannunka a zuciya.

Ga wata da ba a cika so ba, don mutane sun ce ba ta da kai:

Jakina ya bi ta kan rairayi,
iska ta biyo bayan jakina.
Na waiwaya in duba sawu,
ban ga sawu ba, ban ga kaina.

Kowace ya gama, sai ya rufe ta da kalmar nan sau uku.

Yanzu in zo kan abin da ya haɗa ni da shi, don ba zan yi kamar muna shiri ba. Ina shekara ta biyu a kolej a Tasawa na mari sirbeyan, mai tsaron ɗalibai. Ya zagi uwata, na mare shi, aka kore ni. Na taho wurin Kawu da gudu. A lokacin tsohon soja yana da baki a buro, wurin ma'aikatan gwamnati. Na ce ya sa rigarsa, ya rataya lambarsa, mu je wurin darakta.

"Lambar tana wuyan jaki," ya ce.

"A kwance ta."

"Ba da ƙirjina ka mari mutum ba. Kai ka mare shi, kai za ka tahi ka ba shi haƙuri. In kana so in raka ka, da wannan rigar tawa ta gona zan raka ka."

Na ce ba zan ba wanda ya zagi uwata haƙuri ba. Ya ce to. Ya ɗauki tsintsiya. A nan lakkwal, makarantar boko, ta ƙare mini. Waɗanda muka zauna benci ɗaya da su, waɗanda nake yi wa lissafi, yau suna Yamai a cikin motoci, in sun biyo hanya su tsaya in zuba musu esansi, su ce, "Kai, har yanzu kana nan?" Ina nan. Har gobe ina ganin da ya kwance lambar nan da rayuwata ta bi wata hanya. Mutuwarsa ba ta canza mini wannan ra'ayi ba.

Bayan wata biyu ya dawo daga kasuwa da sabon kaye da bik na rubutu, ya ajiye a gabana. "Bokonka bai ƙare ba. Zo ka rubuta mini waƙoƙina kar su bi ni rami." Yanzu na san yana neman ya ɗaga ni ne daga kwanciya. A lokacin na ɗauka ba'a ce. Ka hana ni takardar gwamnati, ka ce in zama magatakardan santi?

Na karɓa, na kuma rama. Kawu bai iya karatun boko ba. Duk inda ya ce shanti, sai in rubuta amin. Duk baitin da ya ambaci mai toka ko mai aski, sai in motsa bik a sama, ba na taɓa takarda. Ina jin haushinsa, ina kuma jin kunya, don tun ina ƙarami ake ce mini ɗan ƙanwar Mai Santi. In mun gama sai ya ce, "To maimaita mini." Sai in kafa ido a takarda in faɗi yadda ya faɗa, har da abin da ban rubuta ba. Ya gyaɗa kai. Muka yi shekaru a haka, duk lokacin da na zo ƙauye. Wani lokaci ya ce in karanto masa ta shekara biyar baya. Dole in tuno ta daidai, in ba haka ba ya gane. Ban taɓa kuskure ba, kuma ina alfahari da wayona.

To ka ga inda taubashina ya same ni. In na kai kayen, sunan Kawu zai wanku tas, ɗansa ya samu barci, ba a ƙone komai ba. Sai dai mutumin da za a wanke ba Kawu ba ne. Wani tsoho ne mai ladabi da ni na ƙera.

Da yammacin ranar uku amalanken da ya kawo tsohon mai bishara ya tafi ya bar shi, na ɗauke shi a moto. Muna cikin rairayi ya matso da baki kusa da kunnena.

"Ɗana, za ka kai masu kayen?"

"Wa ya gaya maka, Baba?"

"Bayan rumbu kuka tsaya, mata na sussuka a gabanshi. Kai masu, babu abin ƙonewa a ciki. Na karanta shi tun kana da gashi a ka."

Na rage gudu.

"Ka tuna ya taɓa karɓar shi ya yi mako da shi? Wurina ya kawo, tunda mu ƴan majami'a mun iya Hausar boko. Na karanta mashi. Amin, amin, amin, tun daga bango har bango. Na ce mashi, aboki, yaron nan ya cuce ka."

"Mi ya ce?"

"Ya yi dariya har da tari. Ya ce in bar ka, kar in kuskura in gaya maka. Ya ce duk ran da ya sa ka maimaita, daidai kake hwaɗi, alhali ba shi ke a takarda ba. Ya ce, kaye ɗaya na roƙa, Allah ya ba ni biyu, ɗayan yana tahiya da ƙahwa. Kai, dubi hanya, za ka kada mu!"

Saura kaɗan mu faɗi. Na tsaya na sa ƙafa a ƙasa. Abin da na fara ji ba nadama ba ce, haushi ne. Fiye da shekara talatin ina ganin na rama, ashe aiki nake yi masa. Shi ya sa yake ta cewa in maimaita tsofaffi. Hadda yake ba ni ina yi masa kallon wawa. Kuma bai taɓa nuna mini a fuska ba, ko ranar da na yi masa rashin kunya a gaban baƙi.

"Mi ya hana shi gaya mini?" na ce.

"Da ya gaya maka da ka jefar da bik ɗin. Ya san ɗan ƙanwarshi."

Ranar bakwai aka taru a gindin bedi. Rabin da Kawu bai share ba yana nan, Iya ta hana a taɓa, aka shimfiɗa tabarmi a kan ganye. Bayan addu'a taubashina ya yi bayani, ya ce in karanta. Na karanta abin da ke rubuce, shi kaɗai. Gero da taɓarya, jaki da rairayi, rijiya, ruwan farko, amin, amin. Ina karatu ina satar kallonsa. Na ga wuyansa yana saki. Da na rufe kayen ya share ido da hannun riga.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Jama'a kun ji. Ashe sharri aka yi ta yi wa Baba."

Aka ce, "Mun ji." Aka shigo da gumbar sadaka a faifai. Na gutsura na sa a baki. Ba zan yi ƙarya ba, gumbar nan ba ta kai ta santi ba, sikarin ya yi kaɗan. Ina taunawa ina kallon mai bishara a ƙarshen tabarma. Bai dube ni ba. Ya sunkuya yana tsintar ganye ɗaya ɗaya daga gefen ƙafarsa yana tarawa. Da na yi shiru na minti biyu da an watse, kowa ya tafi da farin ciki. Sai na ji muryata:

Mai toka a goshi ya yi kiranka,
mai aski ƙwal ya yi shiru a gabanka,
ni kuma da tasbaha ina jan sunanka,
Kai kaɗai ka san wanda ya ji ƙamshinka.

Na rufe da kalmar sau uku, da sha, yadda yake faɗi.

Taubashina ya miƙe.

"Wannan ba ya cikin takarda."

"Ba ya ciki. Ni na ƙi rubuta shi. Akwai irinshi da yawa. Duk amin ɗin da kuka ji ma tawa ce, ba tashi ba."

"To kai ka ƙirƙira yanzu."

"Da na iya ƙirƙirar wannan, da ba esansi nake saidawa ba."

Ya juya wurin liman. Liman ya daɗe yana murza tasbaha. "Na sha jin shi yana yin ta a gona," ya ce. "Ban ji ya kira kowa ba sai Ɗaya. Su mutanen nan biyu kuma bai ce sun shiga aljanna ba, bai ce ba su shiga ba. Ya bar wa Mai ita. Ni dai ban san abin da zan ƙone a nan ba."

Taubashina ya ce, "Malam, kalmar hwa? Daga ina ta hito? A gaban mi ake hwaɗin ta can?"

Tambayar ba ta wauta ba ce. Na ga wasu samari sun fara gyara zama a bayan taubashina, wasu dattijai a bayan liman. Na san irin wannan zama, na ga ya raba masallaci biyu a ƙauyen da ke kusa da mu. Sai murya ta fito daga bayan darni. Iya ce, tana cikin takaba, ba ta fitowa.

"Kai, ku bar mini yaro. Gumbar gidana ya ci. Ba ku san santi ba ne?"

Dattijon nan na Korgom shi ya fara. Ya riƙe tun ranar farko, yanzu ya sake ta gaba ɗaya, har rawaninsa ya kwance. "Ku riƙe shi! Gado ne!" Dariya ta bi tabarma. Samarin ma suka kasa riƙewa. Wa zai kai mai santi gaban alƙali? Iyakarsa a yi masa dariya. A nan na gane abin da ya sa Kawu ya daina gyara wa mutane sunan. Sun ba shi rumfa, ya zauna a ƙarƙashinta shekara sittin yana faɗin abin da ya ga dama, ba wanda ya taɓa jifarsa. Iya kuwa ta ɗanɗani gumbar kafin a fito da ita. Ta san sikarin ya yi kaɗan.

Taubashina bai yi dariya ba. Ya sunkuya ya ɗauki tsohon kayen daga gabana, ya kakkaɓe, ya sa a aljihu. "Wannan shi ne na Baba," ya ce. Ya shiga gida.

Bai ƙone shi ba. An ce yana cikin akwatinsa, an ce har yana karanta wa ƴaƴansa. Tun ranar bai yi mini magana ba, mu da muke zagin juna da wasa tun muna yara. Ba na ganin laifinsa. Na ba shi uba irin wanda yake so na rabin awa, sannan na ƙwace a gaban mutane. In ya zo wata rana ya tambaya, zan faɗa masa sauran.

Na sayi sabon kaye. Yana ƙarƙashin teburin kwalabe, duk ya yi warin esansi. In babu mai saye sai in buɗe in rubuta ɗaya. Suna zuwa daidai, har da inda yake tsayawa ya yi tari. Ran nan wani mai moto ya leƙa ya ce, "Patron, ka yi kuskure, santi ba ta da sha." Na ce masa ya biya kwalbarsa ya kama hanya.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba. Ya yafe mini abin da na yi masa, tunda shi ya riga ya yafe bai gaya mini ba. Ya ba Iya haƙuri, ya sanyaya zuciyar ɗansa. Wannan amin ɗin tawa ce, kuma a wurinta take: amin.

Tasa kuma ga ta, a inda ya ce in sa tun farko.

Shanti, shanti, shanti.